Ciwon Kan Da Ya Kama Bawan Allah

(A karanta Yohanna 9:1-7 da 2 Korintiyawa 12:7-10)

Wataƙila waɗansunku sun ji labarin Erik Lidel, mutumin Sikotlan, wanda ya ƙi yin tseren mita 100 a wasannin Olimfik na birnin Faris a shekarar 1924 domin ranar tseren ta faɗa kan Lahadi. Ya shiga na mita 400, wanda ba shi ne nasa ba, ya kuwa ci. Wannan masu-wa'azi su kan faɗa. Amma yau ba zancen ƙafafunsa za mu yi ba, zancen kansa ne.

A ƙasar Sin aka haife shi a 1902, iyayensa 'yan mishan ne. A 1925 ya bar suna da yabo ya koma can aikin bishara. Sa'ad da yaƙi ya tsananta, a 1941, ya aike da matarsa da 'ya'yansa mata biyu zuwa Kanada. Tana da ciki a lokacin, 'yar ta ukun kuwa bai taɓa ganinta da ido ba. A 1943 sojojin Japan suka kulle shi tare da sauran baƙi a sansanin Weishiyen. Can ya zama malamin yara, yana koya musu lissafi da kimiyya, yana ɗebo wa tsofaffi ruwa da gawayi, yana shirya wa matasa wasanni. Har ma da ya ga yaran suna faɗa a filin wasa ran Lahadi don babu babba a wurin, shi wannan da ya ƙi tsere ran Lahadi ya fito ya yi musu alƙalanci.

Wajen ƙarshen 1944 sai ciwon kai mai-tsanani ya kama shi. Mutumin da kullum fuskarsa a sake ta ke ya zama mai-shiru, mantuwa ta yi masa yawa, baƙin ciki ya rufe shi. Likitocin sansanin ba su da kayan duba cikin kai, suka zaci yawan aiki da ƙarancin abinci ne suka karya shi. Shi ma haka ya zata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, ya gaya wa abokansa yana jin nauyi a zuciya, gama a ganinsa mai-bi na ƙwarai ya kamata ya iya ɗora wa Ubangiji kayansa duka, kada ya karye haka. Ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43. Da aka duba gawarsa, ashe ƙari ne a cikin ƙwaƙwalwa.

Ku dubi wannan da kyau. Bawan Allah yana kwance yana zargin bangaskiyarsa, alhali kuwa tsiro ne ke danne masa ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa kamar fatar ciki. In ƙari ya tsiro a ciki, ba shi da wurin zuwa sai ya matse abin da ke kusa da shi. In ya matse wurin gani, ido ya dushe. In wurin motsi ne, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu. In kuwa ta goshi ne, halin mutum kansa ya kan sāke: mai-haƙuri ya zama mai-fushi, mai-fara'a ya zama kamar ba shi ba. Wannan ba zunubi ba ne, ba kuwa ja da baya ba ne.

Almajirai ma sun yi irin kuskuren nan. Da suka ga makaho tun haihuwa, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman mai-laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji Yesu ya kawar da tambayar gaba ɗaya. Bulus kuma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri isasshe. Wa zai tashi ya ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Amma mu fa? In ɗan'uwa ya fara farfaɗiya da girmansa, sai mu ce iska ce. In ya bar zuwa sujada, yana ta yi wa iyalinsa tsawa, sai dattawan ekklesiya su zauna a kan maganar horo, ba wanda ya tambaya ko yana kwana da ciwon kai. Ba na cewa kowane ciwon kai ƙari ne. Yawancinsu ba shi ba ne, kada kowa ya firgita. Sai dai ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, wanda ya fi tsanani da asuba, tare da amai, ko farfaɗiya sabuwa, ko canjin hali, wannan na asibiti ne, ba na jinkiri ba. Abin da likitocin Weishiyen suka rasa, mu an ba mu. Tun 1971 aka fara ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa da na'urar CT a Landan, daga baya aka sami MRI. Ƙari da yawa ba kansa ba ne, a kan yi aiki a cire, mutum ya daɗe a duniya. Ku yi masa addu'a, ku kuma haɗa masa kuɗin mota.

Kai kuma ɗan'uwa da ke ɗauke da wannan ciwo, in addu'a ta gagare ka, in ka karanta aya ka manta da ita nan da nan, kada ka ƙara wa kanka kaya. Ba ƙarfin tunaninka ke riƙe da kai ba, Makiyayi ne ke riƙe da kai. Ɗan abin da ya rage a hannunka kuwa, ka ba da shi. Makonni kaɗan kafin rasuwar Lidel, cikin tsananin sanyi, ya ga wani saurayi takalmansa sun lalace, ya ba shi tsofaffin takalmansa na gudu, ɗaure da igiya. Shi ne mutumin da ya koya wa matasan sansanin yin addu'a domin sojojin da suka kulle su. Saurayin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Aka buɗe sansanin a Agusta 1945, wata shida bayan jana'izar. A 1952 saurayin ya shiga jirgin ruwa zuwa Japan aikin bishara, ya yi kusan shekara 40 a can.