Fitila da rana tsaka: hasken gani da hasken a gan ka

A wurin Bahaushe, kunna fitila da rana alamar wauta ce ko almubazzaranci. Shi ya sa a titunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, in mota ta taho da fitila kunne rana tsaka, ba a rasa mai buɗe yatsu yana rufewa don ya sanar da direba cewa ya manta. Sau da yawa kuwa direban bai manta ba, hasali ma bai taɓa makunni ba. Motar ce ta kunna da kanta. Wannan ɗan al'amari ya ƙunshi tambayoyi biyu da suka cancanci nazari. Don wa ake kunna haske? In na'ura ta karɓi wani aiki daga hannun mutum, wa ke ɗauke da alhakinsa?

Da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Akwai fitilun rana, waɗanda ke kamawa da zarar an tada inji, ko da gari ya waye tangaran. Akwai kuma fitila mai kunna kanta, wadda ke aiki da wata ƴar na'ura mai auna haske da ake dasawa a gindin gilashin gaba ko a bayan madubin tsakiya. In haske ya ragu sai ta kunna, in ya dawo sai ta kashe. Saboda haka takarda ko hula da aka ɗora a kanta, ko ƙurar da ta lulluɓe gilashi, ko inuwar ɗogon yaro, sun isa su sa ta ɗauka dare ya yi.

Fitilun rana ba a ƙasarmu aka haife su ba. Finlan ce ta fara tilasta kunna fitila da rana a 1972, a lokacin sanyi, a kan hanyoyin karkara. Suwidin ta biyo baya a 1977, ta mai da shi dokar dukan shekara. Kanada ta wajabta su ga sababbin motoci daga Disamban 1989, Tarayyar Turai kuma ga sababbin samfuran ƙananan motoci daga Fabrairun 2011. Dalilin a fili yake: a birnin Istokholm, hasken rana a Disamba bai wuce kamar awa 6 ba, ita ma ranar tana rarrafe ne a gindin sama. Mu kuwa yininmu yana tsakanin awa 11 da 13 a kowace kaka. Motocin da suka gama aiki a Turai suka biyo ta Kwatano da Lome, sun iso mana da ɗabi'ar ƙasar da aka ƙera su dominta. Na'ura ma baƙuwa ce, da al'adar garinsu take zuwa.

To, shin wannan al'ada ba ta da wani amfani a nan? Wanda ya ce haka ya ɗauka fitila aiki ɗaya gare ta, wato ta haska wa mai ita hanya. Alhali aikinta biyu ne. Da dare direba yana kunnawa don ya gani. Da rana yana kunnawa don a gan shi. Haske na farko nasa ne, na biyu kuwa na wanda ke tahowa ne. A kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, mai son wuce babbar mota yana da ɗan ƙiftawar ido ne kawai ya san ko wani na tafe. Mota mai launin ƙasa a kan kwalta mai walƙiya da zafi tana iya sajewa da hanya. Ɗigon haske biyu na iya raba shi da kabari.

A nan ne darasin ɗabi'a yake. Mun saba yabon mai ɓoye kansa, muna zargin mai son a gan shi, kuma da gaskiyarmu. Amma akwai bayyana kai da ba fahariya ba ce, haƙƙi ne. Wanda ke ɗauke da abin da ka iya cutar da wasu, wajibi ne ya sanar da zuwansa, kamar yadda baƙo ke sallama kafin ya shiga gida. An ba da labarin Diyojin, masanin falsafar Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana yawo a kasuwar Atina da fitila rana tsaka wai yana neman mutum. Shi yana neman mutum ne da fitilarsa. Direba kuwa da tasa yana shaida cewa ya san akwai mutum a gabansa.

Sai dai kada mu yi saurin tafa wa na'ura. Ita haske take aunawa, ba nisan gani ba. Lokacin hunturu, in hazo ya sauka, gari yakan yi fari fat, haske ya wadata, amma ido ba ya kaiwa nesa. A irin wannan rana, wadda aka fi bukatar fitila, na'urar tana iya yin shiru. Ta kunna don hular da aka ɗora mata, ta ƙi kunnawa don hazon da ya rufe hanya. Bugu da ƙari, a motoci da yawa fitilun rana gaba kawai suke haskawa. Magariba ta yi, direba ya ga haske a gabansa, ya ga allon awon gudu yana haske, sai ya ɗauka komai ya kammala, alhali bayansa duhu ne ƙirin. Matsalar ta kai Kanada ta sake doka: daga Satumban 2021, dole sabuwar mota ta kunna fitilun baya tare da na rana, ko ta kunna dukan fitilu da kanta in duhu ya shigo, ko kuma ta bar allon a duhu har direba ya kunna. Na'ura ta karɓi aikin yatsa, amma ba ta karɓi aikin hankali ba. Ranar da aka yi karo, ba ita za a tambaya ba.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi. In kowa ya kunna, ina makomar wanda ba shi da fitila? Ido yana bin abin da ya fi ƙyalli. A Faransa, inda doka ta tilasta wa masu babur kunna fitila da rana tun 1975, su ne suka yi adawa lokacin da gwamnati ta shawarci masu motoci su yi haka a ƙarshen 2004, don tsoron kada haskensu ya ɓace cikin na jama'a. Ostiriya ta kafa dokar a 2005, ta soke ta a farkon 2008, kuma cikin dalilan da aka kawo har da fargabar cewa fitilu na janye ido daga masu tafiya a ƙasa da masu keke. In haka ta faru a can, ina ga hanyoyinmu, inda mota ke raba kwalta da amalanken jaki, da garken makiyayi, da ƴan makaranta, da mace ɗauke da itace? Waɗannan ba su da batir, ba su da makunni. Kariyar da ta ƙara wa mai ƙarfi tsaro, ta rage wa marar ƙarfi, ba ta cika adalci ba.

Wannan ba ya nufin a tsinke waya a kashe fitila, kamar yadda wasu ke sa bakanike ya yi. Yana nufin mai haske ya san an ƙara masa nauyi. Tun da an sauƙaƙa wa mutane ganinsa, ya rage gare shi ya nemi waɗanda ba a sauƙaƙa masa ganinsu ba: ya sassauta gudu a bakin ƙauye da ranar kasuwa, ya kunna da hannunsa in hazo ya sauka, ya zagaya ya duba bayan motarsa da magariba.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da abin koyarwa a nan. Yaranmu za su rayu cikin na'urorin da ke yanke shawara ba tare da an tambaye su ba, daga mota har wayar salula. Abin da za mu cusa musu shi ne su riƙa tambaya: me wannan na'ura take aunawa, me ta bari, wa aka manta sa'ad da ake ƙera ta? Shi kuwa mai buɗe yatsu a bakin hanya, ko da ya yi kuskuren fahimta, bai yi kuskuren niyya ba. Ya ga abin da ya zaci asara ce ga wanda bai sani ba, ya ƙi yin shiru. Wannan kula ita ce abin da babu masana'antar da ta taɓa dasawa a gindin gilashi.