Gonar Anab da Gādon Ubanni

Kowa ya san labarin Naboth mutumin Yezreyel, a 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab ya yi sha'awar gonarsa ta anab, watau inabi, domin ya maishe ta lambun ganye. Ya yi masa tayin wata gona wadda ta fi ta, ko kuwa kuɗi. Naboth ya ƙi, gama gādon ubanninsa ce, shari'ar Musa kuwa ta hana a sayar da ƙasa har abada. Ƙin nan ya jawo masa jifa har ya mutu.

Mu mutanen ƙasar gero da dawa, da wuya mu gane zuciyar mai gonar anab. Gero wata uku ne, a yanka, a kai rumbu. Kuringar anab kuwa sai ta shekara uku kafin ta ba da 'ya'yan kirki, tana kuma iya daɗewa fiye da wanda ya dasa ta. Ko da shi ke ana nomanta yanzu a ƙasar Kudan kusa da Zariya, ba mu da gidan da ya gāje ta kaka da kakanni. Saboda haka bari in kawo maku labarin wani gida a Lebanon, ƙasar Kwaran nan. Tun zamanin annabi Yusha'u ruwan anab na Lebanon ya yi suna.

A shekarar 1930 wani saurayi Kirista mai suna Gaston Hochar ya komo daga Bordeaux ta ƙasar Faransa, ya kafa wurin matsar anab a garin Ghazir, arewa da Beirut, ya sa masa suna Château Musar. Gonakin kuwa suna can nesa a kwarin Beka'a, bayan duwatsu, a tudu mai tsawon kamar mita 1,000. Kowace kaka sai a ɗauko anab a manyan motoci a haye dutse da shi. A 1959 ɗansa Serge, wanda ya koyi aikin a Bordeaux, ya karɓi matsar, daga baya ƙanensa Ronald kuma ya riƙe lissafi da ciniki.

Jan ruwan anab nasu haɗin iri uku ne, Cabernet Sauvignon da Cinsault da Carignan. Farin kuwa daga Obaideh da Merwah, tsofaffin irin ƙasarsu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne haƙurinsu. Jan nan yakan yi shekara guda cikin gangar itace, sa'an nan a haɗa shi, a ɗura a kwalba, a ajiye cikin ɗakin dutse. Ba ya fita kasuwa sai ya cika shekara bakwai daga ranar tsinka. Wane ɗan kasuwa ne a cikinmu zai ɗaure jarinsa shekara bakwai?

Sai yaƙin basasa ya tashi a 1975, bai ƙare ba sai 1990. Hanyar da motocin anab ke bi ta zama fagen fama. Kasuwar gida ta mutu. Da yawa sun sayar da abin da suke da shi sun gudu, ba kuwa mai ganin laifinsu. Gidan Hochar ba su sayar ba. A 1976 amfanin shekara duka ya salwanta. A 1984 anab ya yi kwanaki a hanya har ya soma tsami kafin ya iso. Duk da haka suka ci gaba da tsinka, suka nemi kasuwa a Ingila tun daga 1979. Serge ya rasu a ƙarshen Disamba 2014, aikin ya sauka a hannun jikokin Gaston.

Kada wani ya ce pasto ya koma yabon giya. Ko kaɗan. Mun ga gidajen da burukutu ya rushe, mun ga albashin wata ya ƙare a daren Asabar ɗaya, yara suna kwana da yunwa. Koyarwar ekklesiyarmu a kan abin sa maye tana nan yadda take. Amma Ubangijinmu da kansa ya ɗauki misali daga wakili marar gaskiya, ba domin ya yarda da aikinsa ba. Sana'ar mutanen nan ba tamu ba ce. Riƙon da suka yi wa abin da ubansu ya bar masu, shi ne abin dubawa.

Ku dubi maƙwabtanmu na cikin birni. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, a cikinsu akwai wani malami ana ce da shi Mandawari. Ga unguwa nan tana amsa sunan har yau, shekara fiye da 600. Mu kuwa fa? Bangaskiyar da iyayenmu suka sha kora da zagi dominta ba ta kai rabin wannan shekaru a ƙasar nan ba, ga shi a gidaje da yawa an daina addu'ar safe, yara ba su iya karanta Littafi da Hausa ba.

Gonar ma haka. Birni yana cin ƙauye, dillalai suna yawo da takarda, sai ka ji magāda sun yanka gandun ubansu fuloti fuloti tun ba a share makoki ba. Ban ce kowane ciniki zunubi ne ba, gama akwai ciwo, akwai kuɗin makaranta. Amma kai maigida, kadan Ahab ya zo ƙofarka da tayinsa mai kyau, kada ka amsa a ranar. Ka kira matarka da 'ya'yanka da ƙannenka, ka kira dattijo ɗaya na ekklesiya, ku yi addu'a tare. Sa'an nan ka tambayi ƙaramin ɗanka inda shi zai yi noma.