Ko Gatse Ya Dace Da Bakin Mai Bi?

Wata ranar Lahadi, shekarun baya, ina cikin wa'azi sai wata dattijuwa ta shigo, sujada ta kusa ƙarewa. Na dakata, na ce, "Sannu da sammako, Mama." Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Mako uku ban sāke ganinta ba. Da na je gaishe ta, na iske ashe daren nan kwana ta yi tana jiyyar jikanta, da gari ya waye ta tako da ƙafa daga ƙauye domin kada Maganar Allah ta wuce ta. Ta ce mini, "Pasto, da ka tsawata mini a ɓoye da ya fi mini sauƙi." Tun ran nan na ke ta tunani a kan gatse, ko ya dace da bakin mai bi.

Bari mu fara rarrabe abubuwa. Wasa daban, gatse daban. Jika da kaka suna wasa, taubasai suna wasa, haka Fulani da Barebari. A nan kowa ya san ƙa'ida, wanda aka zolaya yana da ikon ramawa, a rabu ana dariya. Gatse kuwa shi ne mutum ya faɗi magana yana nufin akasinta domin ya soki wani, kamar uwar da ɗanta ya fasa tulu ta ce masa, "Madalla, je ka fasa randar ma." Kalmar da Turawa su ke kiran gatse da ita daga Helenanci ta fito, ma'anarta ta asali kuwa yagar nama ce, irin ta kare.

Waɗansu za su ce, ai bayin Allah ma sun yi. Gaskiya ne. A kan Dutsen Karmel, da rana ta yi tsaka, Iliya ya yi wa annabawan Ba'al 450 ba'a, ya ce su ƙara ɗaga murya, watakila allahn nasu barci ya ke yi, ko ya yi tafiya (1 Sarakuna 18). Manzo Bulus kuma ya ce wa Korintiyawa ai sun riga sun ƙoshi, sun yi arziki, sun zama sarakuna, sun bar manzanni a baya (1 Korintiyawa 4). Saboda haka ba za mu ce kowane gatse zunubi ne ba.

Amma mu duba da kyau. Iliya shi kaɗai ne a gaban taron da sarki Ahab da Jezebel su ke goyon baya, ransa kuwa yana cikin hatsari. Abin da ya soka gunki ne, domin idon Isra'ila ya buɗe. Bulus kuwa ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida yana koya musu, a cikin sura guda ɗin nan kuma ya bayyana cewa ba kunyata su ya ke so ya yi ba, gargaɗi ne irin na uba ga 'ya'yan da ya ke ƙauna. Ni fa, da na yi wa tsohuwar nan gatse, wane gunki na rushe? Ina tsaye a wurin iko, ita ba ta da bakin ramawa.

Yawancin gatsen da ke cikin Littafi Mai Tsarki daga zuciya mai ɗaci ya fito. 'Yan'uwan Yusufu sun laƙaba masa sunan mai mafarki kafin su jefa shi a rami. A bakin teku Isra'ilawa sun tambayi Musa ko kaburbura ne suka ƙare a Masar. Mikal ta rena Dauda a zuciyarta tukuna, sa'an nan ta tarye shi da yabon da ba yabo ba ne (2 Samu'ila 6). Mafi muni duka, sojoji sun sa wa Ubangijinmu Yesu rawanin ƙaya, suka durƙusa suna gaishe shi kamar sarki. A kowane ɗaya reni ko rashin bangaskiya ne ya riga, gatse ya biyo baya.

Wani mugun abu game da gatse shi ne yana ba mai yinsa wurin ɓuya. In an ji zafi sai ya ce wasa ya ke yi. Littafin Misalai sura 26 ya kwatanta mai ruɗin maƙwabcinsa da irin wannan hujja da mahaukaci mai harba kibau. Magana kuwa zarar bunu ce. Yaron da ubansa ya ke kiransa "malam mai ilimi" duk ran da ya fāɗi jarrabawa, ya kan manta da bulala, amma wannan suna yana nan a ransa har ya yi furfura.

To, ɗan'uwa, kafin irin maganar nan ta fita bakinka, tambayi kanka abu uku. Wa za ta soka, ƙarya ce ko mutum? Shi wanda na ke faɗa wa, yana da ikon amsa mini? In an cire dariyar jama'a, zan iya faɗa masa ita mu biyu, ido da ido? In amsar ba ta gamshe ka ba, yi shiru, ko ka faɗi abin da ke ranka a fili cikin ƙauna. Miji da mata, iyaye, dattawan Ekklesiya da malaman makarantar Lahadi, mu ne muka fi bukatar wannan tsaro, gama waɗanda ke ƙarƙashinmu ba su iya ramawa.

Da ya ke a gaban jama'a na yi laifin, a gaban jama'a na roƙi gafarar Mama. Ta yafe, ta koma wurin zamanta. Ubangiji ya tsare bakinmu, ya sa maganarmu ta zama mai gina masu jinta. Amin.