Darasi a Kan Jini: Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Ba da Jininsa?

Shugaban taro ya sa a karanta Littafin Firistoci 17:10-14, sa'an nan Ayyukan Manzanni 15:19-29, kana Luka 10:30-37. A karanta a hankali, gama maganar yau ta rai da mutuwa ce.

Babu ikilisiyar da wannan al'amari bai taɓa faɗo mata ba. Mace ta haihu, jini ya ɓalle mata. Yaro ya sha zazzaɓin cizon sauro har tafin hannunsa ya yi fari fat. Mai ciwon sikila ya kwanta, ko mota ta kife a hanya. Likita ya ce sai an yi ƙarin jini. Nan za ka ga dangin da suka cika asibiti suna sulalewa da ɗaya ɗaya. Waɗansu tsoro ne ya kore su, waɗansu kuwa cewa su ke Littafi ya hana. Bari mu fara da na bayan nan, domin maganarsu ta fi nauyi.

Gaskiya ne Allah ya hana cin jini. Ya hana Nuhu (Farawa 9:4), ya hana Isra'ila ta bakin Musa, manzanni kuma da suka taru a Urushalima suka aika wa masu bi na al'ummai su guje shi. Amma a lura da dalilin. Allah ya lasafta jini a bakin ran dabbar, rai kuwa nasa ne shi kaɗai. Shi ya sa aka umarci maharbi, in ya kashe nama ko tsuntsu, ya tsiyaye jinin ya rufe da ƙasa, watau ya shaida ba shi ne mai ran ba. Dokar tana magana ne a kan jinin abin da aka kashe domin ci. Wajen ƙarin jini kuwa ba a kashe kowa, ba a kuma cin kome: jinin da aka sa a jijiya ba ya narkewa kamar tuwo a ciki, sai ya ci gaba da aikinsa na kai iska ga gaɓoɓi. Tun 1945 Shaidun Jehobah suna koyar da cewa hanin ya haɗa da ƙarin jini. Ba mu raina himmarsu ba, amma ba mu karɓi fassararsu ba. Dokar da aka bayar domin girmama rai, ƙaƙa za a mai da ita dalilin barin rai ya salwanta? Irin tambayar ke nan da Ubangijinmu Yesu ya yi wa Farisiyawa ran Asabar cikin majami'a, mai shanyayyen hannu yana tsaye a tsakiyarsu (Markus 3:1-6). Ba su amsa ba, shirunsu kuwa ya ɓata masa rai ƙwarai.

A 1818 wani likita a Ingila, James Blundell, ya soma gwada sa wa mutum jinin mutum, saboda matan da ya ke gani suna mutuwa bayan haihuwa. Waɗansu suka rayu, waɗansu suka mutu, ba a san dalili ba. Sai a 1901 Karl Landsteiner na birnin Biyana ya gane jinin mutane rukuni rukuni ne, waɗanda mu ke kira A, B, AB da O. To, ga abin mamaki: rukunin nan bai san kabila ba, bai san addini ba. Jinin Bafillace ya kan dace da na Birom, na Musulmi ya dace da na Kirista, alhali na wanka uwa ɗaya uba ɗaya ya ƙi dacewa da naka. Bulus ya riga ya gaya wa mutanen Atina cewa dukan kabilun duniya tushensu ɗaya ne (Ayyukan Manzanni 17:26).

Yanzu sai masu tsoro. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Abin da a ke ɗiba bai kai rabin lita ba, watau kashi ɗaya cikin goma. Da fari za a auna nauyinka, gama ba a karɓa daga wanda bai kai kilo 50 ba, ko bai cika shekara 18 ba. Za a tsaga yatsa kaɗan a duba ƙarfin jininka, a yi maka tambayoyi. Sa'an nan ka kishingiɗa, a ɗaure dantse, a sa sabuwar allura. Zafinta kamar na sukar ƙaya ne, nan da nan ya wuce. Cikin minti goma jakar ta cika. Waɗansu su kan ji jiri, musamman wanda ya zo da yunwa ko ya tashi da garaje, saboda haka ka ci abinci tukuna, ka sha ruwa da yawa, ka huta, kada ka tafi noma ran nan. Ruwan jinin ya kan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuwa cikin 'yan makonni. Namiji ya iya bayarwa kuma bayan wata 3, mace bayan wata 4. Maganar wai ƙarfin namiji ya kan tafi, wannan zancen kasuwa ne.

Akwai kuma ba da ruwan jini kaɗai, wanda likitoci ke ce da shi filasma, ruwan nan mai launin rawaya da ya fi rabin jinin. Inji ne ke ware shi, ya mayar wa mutum ƙwayoyinsa. Zaman ya fi tsawo, ya kan kai awa guda, mai bayarwa kuwa ya kan ji sanyi, ko leɓunansa su yi tsiri-tsiri, saboda maganin da ke hana jini daskarewa. Da shi a ke taimakon wanda ya ƙone, da wanda jininsa ya ƙi tsayawa.

Amma akwai zunubin da ke ɓuya a nan, tilas mu faɗa. A kan gwada kowane jini saboda ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Duk da haka cutar da ta shiga jiki kwanan nan ta kan ɓuya wa gwaji, shi ya sa a ke tambayoyin nan. Wanda ya yi ƙarya a wurin saboda kunya, ko saboda an yi masa alkawarin kuɗi, ya iya kashe wanda ya zo ceto. Mai sayar da jininsa a ƙofar asibiti ya fi kowa faɗawa cikin wannan gwaji, gama in ya faɗi gaskiya cinikinsa ya lalace.

Basamariyen nan na Luka 10 ya ba da mansa, da dabbarsa, da dinari biyu, ga wanda bai sani ba. Mai ba da jini ma sau da yawa ba ya ganin fuskar wanda ya amfana, wannan kuwa ya dace da koyarwar Matiyu 6:3 a kan sadaka a ɓoye. Sai dai kada kowa ya gwada jininsa da na Almasihu. Namu ya kan ƙara wa jiki kwanaki, gafarar zunubi kuwa ta wurin nasa ce kaɗai.

Jini ba ya ajiyuwa cikin sanyi fiye da mako 5 ko 6, saboda haka gayya ɗaya a shekara ba ta isa ba. Dattawa su shawarta da asibitin da ke kusa, a rubuta sunayen waɗanda suka yarda da rukunin jininsu, a ajiye wurin magatakarda. Mai ciki, da mai shayarwa, da tsoho, da mara lafiya, kada kowa ya matsa musu, ko ya tambaye su dalili a gaban taro.