Rufin Asirin Wa?

Mun tashi muna jin cewa rufin asiri halin kirki ne, amma labarin Bernard Law ya sa ni waswasi. Limamin Katolika ne a Amurka, wanda a shekarun 1960 ya tsaya wa baƙar fata a Misisipi. A 1984 ya zama babban bishop na Boston. A 2002 jaridar Boston Globe ta tona cewa an kai masa ƙarar wani fada, John Geoghan, kan lalata da yara, shi kuwa ya sauya masa coci. Law ya yi murabus, ya rasu a Rum a 2017. 'Yan'uwa, na yarda ya rufa wa fada asiri. To, yaran sabon cocin fa? Iyayensu ko labari ba a ba su ba.