Yaron Shago: Riƙe Shi Ko Sallamarsa?

Koke ɗaya ne yake ta zuwa mana daga masu shaguna, na nan Tagwai da na Kasuwar Kure: wai yaran yanzu ba sa zama. Ka ɗauko yaro daga Katsina ko Sakkwato, ka ciyar da shi, da zarar idonsa ya buɗe sai ya tafi tuƙa Keke Napep ko ya kafa teburin POS. Shi ya sa wasunmu suke ɓoye wa yaro inda ake sari da farashin da aka saro, don kada ya iya ya gudu. Shin wannan ya halatta?

Mu duba ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, cikin Suratul Ƙasas. Kafin ya fara kiwo sai da aka yanke wa'adi: shekara 8, in ya cika 10 to daga gare shi ne. Kowa ya san abin da ke kansa da ranar da zai ƙare. Mu kuwa sai mu ce wa yaro, “Zauna dai, Allah zai yi.” Shekara bakwai, ba albashi tsayayye, ba ranar sallama, sai kuɗin abinci da kayan Salla. Ya isa aure, ba ya da ko kuɗin ɗaki. In ya tafi, wa ya fara saɓa amana?

Gaskiya ne masu gida ma suna da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 jari ya karye wa da yawa. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai ma hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Akwai kuma yaran da suke taɓa aljihun shago, ko su buɗe nasu a gefenka su janye maka kwastomomi. Mai yin haka ya ji tsoron Allah. Amma don doka ta ƙyale ƙaramin shago, haƙƙin yaro bai faɗi ba a wajen Allah.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kasuwancinsa na goro da gyaɗa ya bunƙasa ne da yaran da yake ba jari su shiga ƙauyuka su yi masa saye. Maƙwabtanmu Inyamurai har yau suna yanke wa yaro shekaru, ya cika su sallame shi da jari, gobe ya dawo sari wajen maigidansa.

Don haka shawararmu: ranar da iyaye suka damƙa maka yaro, a zauna gaban Liman da shaidu biyu, a rubuta shekarun da zai yi, abin da za a riƙa ba shi, da abin sallama, ko da kaɗan ne. Ka koya masa lissafi da rubuta bashi, ka tafi da shi Kantin Kwari ko Singa ya san dilolinka. Wanda ya san ranar sallamarsa ba ya gaggawar guduwa. Ku kuma samari, ku cika wa'adi, ku fita ta ƙofa da albarkar maigida.

Allah Ya sa mu sauke haƙƙin da ke kanmu. Juma'a mai albarka.