Aikin Malama A Dogon Hutu: Lada Kawai, Ko Da Ladan Aiki?

  Yau ina so mu tattauna wani al'amari da ya shafe mu ta kowace fuska, domin a cikinmu akwai malamai, akwai masu makarantu, akwai 'yan kwamitin Islamiyya, sauranmu kuwa iyayen yara ne masu biyan kuɗin makaranta. Tambayar ita ce: aikin da malama take yi a lokacin dogon hutu, na tsara manhaja da shirya darussan shekara mai zuwa, shin wajibi ne a biya ta a kansa, ko kuwa yana cikin sadaukarwar da ake sa ran duk mai koyarwa ya yi?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka da zarar an ba da hutu a ƙarshen Yuli, malamai sun miƙe ƙafa ke nan sai Satumba. Ba haka abin yake ba. A cikin waɗannan makonni ne ake zama a rarraba manhaja zango-zango da mako-mako, a zaɓi littattafan da za a ce iyaye su saya, a tsara jadawali, a rubuta shirin darasi. Idan gwamnati ta sauya manhaja kuwa, aikin sai ya ninka. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar firamare da sakandare ta hannun hukumar NERDC, inda aka rage yawan darussa, aka kuma ba darasin Tarihi matsayinsa. Takarda ce ke fitowa daga Abuja, amma wa zai mayar da ita abin da yaro ɗan aji uku zai gane ranar Litinin da safe? Malama ce, a ɗakinta, da goyo a baya, da tukunya a kan wuta.

To, a makarantu masu zaman kansu da dama, da wasu Islamiyoyi, albashi yakan tsaya ranar da aka rufe makaranta. A ce ai yara ba su biya kuɗin watan Agusta ba, don haka babu albashin Agusta. Amma kuma a aiko wa malama cewa ta zo taron tsara manhaja na kwana biyar, da kuɗin motarta. Mun ga yadda wannan rauni ya fito fili a 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, malaman makarantun kuɗi suka yi watanni ba ko sisi. Doka ma ba ta cika kai musu ɗauki ba: an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suke. Kin ga ke nan abin da ya rage wa irin wannan malama shi ne adalcin wadda ta ɗauke ta aiki.

Ki duba telarki. Idan kika kai mata atamfa, ba lokacin da keke ke juyawa kaɗai kike biya ba. Kuɗin ɗinkin ya haɗa da awo, da yanka, da tunanin yadda za ta fitar da fasalin ba tare da ta ɓata miki zane ba. Haka mai tuwon sayarwa: surfe da niƙa da tankaɗe duk suna cikin kuɗin malmala. Babu mai hankalin da za ta ce, "Ni tuwo na saya, ban sayi surfe ba." To don me idan aka zo kan koyarwa sai mu ƙirga mintunan tsayuwa gaban allo kawai, mu manta da surfen da aka yi kafin nan?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, ai koyarwa aikin Allah ne, ladan malami yana lahira. Gaskiya ne, kuma muna fatan Allah Ya ba su. Sai dai Hausa ta yi mana wani abu a nan: kalma ɗaya ce, lada, muke kiran sakamakon Ubangiji da ita, muke kuma kiran haƙƙin ma'aikaci da ita. Na farkon a hannun Allah yake, Shi zai bayar. Na biyun a wuyanmu yake. Idan mai makaranta ta ce wa malama "Allah Ya ba da lada" alhali ta riƙe nata ɓangaren, to ta biya bashinta da dukiyar da ba tata ba.

Magabata ba su ɗauki koyarwa abin banza da ba shi da farashi ba. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an yarda kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu a madadin fansarsa, a lokacin da fansar mutum ɗaya ke iya kaiwa dirhami 4,000. Haka kuma Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum mai suna Adabul Mu'allimina, ya yi bayanin ladan malami da sharuɗɗansa, har da kwanakin hutun da za a ba yara a Sallah ƙarama da babba. A ƙasarmu ma iyayenmu sun san kuɗin Laraba, sun san sadakar sauka. Ba su ga wannan ya rage wa malam ikhlasi ba.

Wata za ta ce, "Amma ai malaman nan da bakinsu suka yarda." A nan ne ya kamata mu ji tsoron Allah ƙwarai. Malamar da ta san idan ta ce a'a, a watan Satumba za a nemo wata a gurbinta, yardarta ba yarda ba ce. Haka wadda aka tambaya a gaban jama'a, "Ko akwai wadda ba za ta iya taimaka wa addini ba?" Wa za ta ɗaga hannu? Malamai sun daɗe suna gargaɗi cewa abin da aka karɓa daga mutum don kunya ta hana shi ƙi, bai zama halal ga mai karɓa ba. Sadaka ta mai bayarwa ce. Idan malama ta ga dama ta ce ta yafe, madalla, ta samu ladanta. Amma sai an fara miƙa mata haƙƙin tukuna, domin ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba.

Ba za mu ƙi sauraron masu makarantu ba. Da yawansu ba riba suke ci ba. Ga hayar gini, ga alli da kujeru, ga iyayen da sai an koro yaro sau uku kafin su biya. Kuma akwai bambanci da ya kamata a fayyace. Malamar da ake biyanta wata 12 cif, kamar ta gwamnati, shirin darasinta na yau da kullum yana cikin albashinta, kuma amana ce a kanta ta yi shi da kyau ko babu mai dubawa. Amma idan aka ɗora mata aiki na musamman, kamar rubuta wa makaranta gaba ɗaya sabon tsarin karatu, wannan sabuwar yarjejeniya ce. Wadda albashinta ke tsayawa da hutu kuwa, duk ranar da aka kira ta aiki, ranar biya ce. A Amurka, inda yarjejeniyar malamai ta kan tsaya a kwanaki 180 zuwa 190 a shekara, gundumomi da yawa kan biya aikin manhaja na hutun bazara daban, ana lissafi da awa. Tun a 1966 ma hukumomin UNESCO da ILO suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, ciki har da cewa a riƙa lissafa lokacin shirya darasi, kuma malami ya samu hutun shekara da cikakken albashi. Ranar da aka amince da su, 5 ga Oktoba, ita ce ta zama Ranar Malamai ta Duniya.

To mene ne abin yi? Idan ke mai makaranta ce ko 'yar kwamiti, ki raba kuɗin da ke shigowa a zango uku zuwa gida 12 tun farkon shekara, ki ware na Agusta kamar yadda kike ware na haya. Kafin a fara aikin hutu, a faɗi kwana nawa ne kuma nawa za a biya, a rubuta, domin sharaɗin ijara a shari'a shi ne a san aikin, a san ladansa. Idan babu hali, ki faɗi gaskiya, ki rage aikin, ko ki ɗauke shi a matsayin bashi. Idan ke malama ce, tambayar haƙƙinki cikin ladabi ba kwaɗayi ba ne. Idan kuwa ke uwa ce, ki tuna wa maigida ya biya kuɗin makaranta a kan lokaci, kuma a taron iyaye da malamai ki daure ki yi tambaya ɗaya: "Shin ana biyan malaman 'ya'yanmu a lokacin hutu?"

'Yar'uwa, wadda muka damƙa wa tarbiyyar 'ya'yanmu ita ma tana da nata 'ya'yan, kuma cikinsu ba ya tafiya hutu. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu tun kafin ranar da babu Naira babu kwabo.